Dish a Cikin Randa

Helen Yamusa, wadda 'yan kasuwar katako ta Dei-Dei suka fi sani da Maman Vivian, a wani ƙauye bayan Kwali aka haife ta. Uwarta maginiyar tukwane ce. Ita Helen hannunta bai karɓi ginin ba. Abin da ta fito da shi daga gida ranar aure randa ce guda, baƙa, mai faɗin ciki, wadda ko a watan Maris ruwanta sanyi ƙalau. Sau shida ita da mijinta suna tashi daga wannan haya zuwa waccan. Kujeru sun karye, madubi ya fashe, amma randar nan rungume da ita take hawa bayan mota.

Shekara ashirin da uku tana sayar wa direbobin tirela shinkafa da wake. Mijinta Jonah lodin katako yake yi, ranar Lahadi kuma yana sahun mawaƙan coci. Bara waccan ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Vivian, 'yarsu tilo, tana aure a Lafiya. Helen ce juya shi, ita ce wanki, ita ce kasuwa. Kafin ta fita takan kunna masa talabijin, ko ɗakin ya yi motsi.

Gidan da suke haya ɗaki tara ne. Mai gidan, Oga Leonard, dish ɗaya ya kafa a rufinsa, dikoda ɗaya a falonsa, sai ya ja waya zuwa kowane ɗaki. Abin da ya kunna, shi kowa ke gani. In kokawa yake so, duk gida kokawa. In barci ya kwashe shi kan tashar Sinawa, haka za a wuni da Sinawa.

Wata Lahadi Helen tana tsintar wake, aka faɗa tashar da ake sujada da Hausa. Mata suka ɗauki waƙa. Sai ta ji wani gurnani a bayanta. Ta waiga, ga leɓen Jonah yana bin baitin, murya na fitowa a karkace, amma waƙar ce. Wata goma sha huɗu rabon da ta ji muryar nan. Ba a kai amshi na biyu ba hoton ya juya, ƙwallo ta fito. Bakinsa ya tsaya a buɗe.

Ta sami Oga Leonard. "Oga, don Allah ranar Lahadi ka bar mana tashar cocin nan. Awa ɗaya kawai."

"Maman Vivian, ɗaki tara fa! Wannan ta ce fim, wannan ya ce ƙwallo. Ni gidan talabijin ne?"

Duk da haka ya bari, Lahadi biyu. Ta uku ya manta, ta huɗu ya yi baƙi.

"To bari in sayi nawa."

"Saya mana, wa ya hana ki? Amma ba a huda min bango, ba a taɓa min kwano, ba a fasa min simintin tsakar gida. Kowa ya kafa nasa, gidana ya koma rumfar masu faranti?"

Ta kira Abdulmajeed, mai haɗa dish a Gwarinpa, wanda ya shekara goma yana cin wakenta. Ya kawo mata dish da ƙaramar dikoda irin wadda ba a biyan kuɗin wata, ya soka ƙarfen dish ɗin a bokiti, ya cika da duwatsu. Iskar ruwan farko ta kifar da shi. Ya dawo ya gyara, ta sake kifarwa. A zuwa na uku ya tsaya yana share gumi, idonsa ya sauka kan randar da ke bakin ƙofa.

"Mama, wannan kam ko guguwa sai dai ta gaishe ta ta wuce. Amma in siminti ya shiga, ta gama aikin ruwa ke nan."

Helen ta buɗe randar. Ta ɗebi moɗa ɗaya ta kai wa Jonah, ta ba Abdulmajeed ɗaya, ta sha ɗaya. Sauran ta juye a jarka.

"Zuba," ta ce.

Da Oga Leonard ya fito ya ga dish tsaye cikin randa, ya zagaye ta sau biyu yana neman inda aka huda. Bai samu ba. "Mata da dabara," ya ce, ya koma ciki.

Lahadin da ta biyo, Allah ya taimaka akwai wuta. Helen ta sa rimot a hannun Jonah mai lafiya, ta danne yatsunsa a kai. Mata suka ɗauki waƙa, ya bi su, baiti na ɗaya, na biyu, babu wanda ya juya komai. Ta zauna a dakalin ƙofa, ta kurɓi ruwan jarka, ɗumi kamar na wanka. Ta dubi randar tana tunanin ƙarti nawa za su iya ɗaga ta ranar da za a sake tashi. Kafin Jonah ya kai baiti na ƙarshe, barci ya ɗauke ta a zaune.