Littafin da Kaka Take Aunawa da Hannu

Kakata ba ta yarda da abin da ya biyo ta hannun mutane ba. A shekarun fari, lokacin da sojoji suka karɓi mulki, in an kawo mana buhun jar dawa ta taimako, sai ta ɗaga shi ta jijjiga, ta duba ɗinkin bakinsa, ta ce, "An ɗiba." Sau da yawa kuwa gaskiyarta ce.

Yunwa ce ta taso ta daga ƙauyensu na bayan Bambeye zuwa gidanmu a Tawa. Babana ma'aikacin asibiti ne, kuma Kirista, abin da ba a cika gani ba a unguwarmu. Ita kuwa Kaka ba masallaci, ba coci. Mijinta, kakanmu, ya mutu a kan al'adar iyayensa ta Azna, masu addinin gargajiya, tun babana yana goye, bai taɓa jin wa'azin kowa ba. Babana ba shi da burin da ya wuce a yi mata baftisma kafin ta mutu, ga shi tari ya fara cin ta.

Bayan tuwo muke kewaye murhu da sauran garwashi, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. Babana yakan karanta mana Sabon Alkawari tukuna, sannan Kaka ta karɓi fili da tatsuniya. Tana sauraron karatun ido a kanne, kamar mai sayen akuya a hannun dillali.

Rigimar ta tashi ne ranar da wani fasto daga kudu ya sauka gidanmu. Kaka ta ga littafinsa ya ninka na babana kauri. Ta karɓi duka biyu, ɗaya a kowane hannu, ta auna.

"Likita," haka take kiran babana, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "naka an ɗiba."

Ya yi mata bayani cewa na fasto haɗe yake da littattafan annabawan dā, kuma duk abin da mutum yake bukata don ya tsira yana cikin nasa ƙaramin.

"To, buɗe inda anka yi maganar wanda bai jiya wa'azi ba. Ubanka ina shi ka kwana yanzu?"

Babana ya ce ceto ta wurin Almasihu yake. Fasto ya ƙara da cewa Allah mai adalci ne.

"Ban tambaye ku halin Allah ba," in ji ta. "Mutum guda ni ka tambaya."

A daren ne ta yi mana tatsuniyar hankaka. Ta ce ga ta nan, muka ce ta zo mu ji, amma ba mu take kallo ba, fasto take kallo.

Wai a wata shekarar ƙishirwa, sarki ya haƙa rijiya, ya aiki hankaka ya shaida wa kowane gari. Hankaka ya sauka garin farko, aka ba shi tsaki, ya ji daɗi ya yi zamansa har ya yi ƙiba. Can bayan duwatsu akwai wani tsoho da ya rage da ruwa ludayi guda, baƙo ya zo, ya ba shi. Ko da hankaka ya iso, tsoho ya daɗe a ƙasa. Sai ya hau kan kabarin ya gyara farin ƙirjinsa, ya yi shela: sarki ya ce duk wanda bai zo rijiya ba, ba nasa ba ne.

Nan ta katse labarin, ta hau tona garwashi.

"Kaka, sai me? Ba ki ce ƙurunƙus ba!"

"Ƙarshen na hannun hankaka. Ku tambaye shi mi sarki yac ce da bakinai."

Fasto ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni dai haushi na ji, don a ganina an cuce mu tatsuniya.

Babana bai yi fushi ba. Ya yi aike kudu aka sayo masa babban littafin, ya miƙa mata. Ta shafa ɗinkin bayansa tana neman inda aka yage, ba ta samu ba. Duk da haka ta ce ba shi zai karanta ba, shi da fasto bakinsu ɗaya. Ni ta zaɓa, wai ban yi wayon tsallake layi ba. Kowace yamma ina karantawa, tana riƙe da gefen takardar don kada in haɗa biyu in juya. In babana ya tayar da zancen baftisma, amsarta ɗaya ce: "In can babu ubanka, mi za ni yi can? Bari mu kai ƙarshe."

Ba mu kai ba. Ta rasu muna tsakiyar annabawa, ba a yi mata baftisma ba.

Na ƙarasa karatun ni kaɗai, na kuma maimaita bayan na girma. Na gaskata littafin cikakke ne, ba wanda ya ɗiba. Na sami wuraren da suka sanyaya mini rai game da waɗanda ba su ji ba, na sami waɗanda suka hana ni barci, amma ban sami layin da zan ɗora yatsan Kaka a kai in ce ga shi ba. Wataƙila sarki bai ba hankaka wannan amsar ba tun farko, ya riƙe ta a wurinsa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne babana. Bayan an yi kwana bakwai da binne ta, na tarar da shi bakin murhu, littafin a tafin hannunsa yana ɗaga shi yana saukewa. Mutumin da bai taɓa rasa amsa ba ya miƙo mini, ya ce, "Ci gaba daga inda kunka tsaya. Yanzu mutum biyu mu ka biɗa."