Baƙon da Aka Raɗa wa Suna a Anka

Makau na Sahura mutumin Anka ne, manomin albasa a fadamar da ya gada, inda rijiyar da rabin unguwa ke sha take. Bai yi boko ba. Tun shekarar da gubar dalma daga wankin ƙasar zinari ta ɗauke jikokin ƙanwarsa biyu a Tungar Daji ya kafa wa kansa doka: ba ya dangwala yatsa a takarda sai mutum biyu da ba su san juna ba sun karanta masa ita. Ana yi masa dariya, shi dai bai fasa ba.

Wata rana da hantsi sai ga Mu'awiya, ɗan marigayi maƙwabcinsa, ya dawo bayan shekara ashirin a Turai. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Baba, haya nika so ka ba kamfanina, gefen fadama kawai, mu riƙa wankin ƙasar zinari. Ɗanka na, ba baƙo ba."

Makau ya karɓi takardar ya kai wa Halilu, malamin firamare. Halilu ya duba shafin farko ya ce haya ce lafiyayya. Makau ya yi godiya, ya shiga motar kasuwa zuwa Gummi wurin Zinatu, 'yar ƙanensa da ke aiki a ofishin wani lauya. Ita ta karanta har ƙarshe, ta ɗaga kai.

"Baba, kamfanin nan a Turai aka yi masa rajista. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarmu da waccan ƙasa, ta kare masu zuba jari 'yan can. A takarda kamfanin ɗan can ne, ko da mai shi a Anka aka haife shi. In gwamnati ta rufe aikin, suna iya kai ƙararta waje."

"In rijiya ta ɓaci hwa?"

"Babu sunan Mu'awiya ko sau ɗaya. Kamfanin za ka nema, kuma takardar ta ce a can za a yi shari'ar."

Da ya dawo, ya sa aka kira Mu'awiya zaurensa, a gaban dattawa.

"Ni na riƙe ragon sunanka, yau takarda ta ce Bature kake," in ji Makau. "Tun kakanninmu, ɗan gari in zai ari gona, danginai ka tsaya mai. Baƙo kuwa mai masaukinai. To wanne kake?"

Mu'awiya ya yi dariya. "Baba, wagga dabarar lauyoyi ta, kowa haka shika yi."

"Na ji. Kawo kawunka Dodo shi tsaya maka."

Dodo na wurin. Ya ce shi ɗan ƙanwarsa ya sani, bai san kamfani ba, ba ya tsaya wa abin da bai taɓa gani a masallaci ba. Mai masauki kuma babu. Makau ya miƙa wa Mu'awiya takardarsa, yatsansa fes.

Fadamar na hannunsa har yau. Amma Yusufu, mai gonar da ke sama da tasa, ya dangwala wa kamfanin. Shi ya sa kowace safiya Makau kan ja guga da kansa, ya ɗaga ruwan a rana, ya daɗe yana dubawa kafin ya bar mata su ɗiba, duk da Zinatu ta gaya masa ba a ganin dalma da ido.