Kawu Ari Mai Ƙirga Yatsu

Duk wanda ya taɓa aiki a injin casar shinkafarmu na hanyar Doma ya san ba a shiga sai an ɗaga hannu. Ƙarfe bakwai na safe Kawu Ari zai tsaya a bakin get da hular kwanonsa, ya busa usur har kunnenka ya yi ƙara, sannan ya ce, "Goma-goma!" Kowa ya miƙa hannu biyu, shi kuma ya bi layi yana ƙirga yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen doya. Da yamma in an tashi ya sake ƙirgawa, wai ya ga ko abin da ka shigo da shi ka fita da shi.

Kun dai tuna Terna, ƙaton nan mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Wata safiya ya gaji ya ce, "Baba, yatsa na bai je ko'ina ba fa. Jiya ma ka ƙirga shi."

Kawu ya ce, "Ni ma nawa ban aike su ko'ina ba. Miƙo."

Ya ɗaga hannunsa na dama. Yatsu uku ne a jiki, bel ɗin inji ya tafi da biyu tun yana saurayi. In an zo kansa a ƙirga sai ya ce, "Takwas, an riga an yi mini ragi," ya wuce.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya samo mini aikin kula da babban inji. Ranar da zan fara, innata ta biyo mu har ƙofar gida a Bukan Sidi tana kallon hannun yayanta. Shi ya gane. Ya ce, "Falmata, goma kika ba ni, goma zan dawo miki da su." Daga ranar na shiga uku. Kowa sau ɗaya ake ƙirga shi, ni sau biyu, har da juya hannu a duba baya.

To, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki da usur, sai ga Alhaji mai inji ya aiko wasu samari daga Abuja da manhaja. Suka sa mana ita a waya, suka haɗa ta da makunnin injuna. Suka ce kafin ka tayar da inji sai ka duba abubuwan da ta lissafa maka, ka ɗauki hoto. In ka ga abin haɗari ka ɗauke shi ka yi bayani da baki, nan take ya je wa Manaja da Alhaji. In kuma abin mai tsanani ne ka danna ja, injin ya kulle, ba zai tashi ba sai an gyara.

Kawu ya saurara har suka gama, ya tambayi ɗaya daga cikinsu, "Ita wannan abar, yatsu nawa gare ta?"

Saurayin ya yi dariya ya ce ba ta da ko ɗaya.

"To me ta sani a kansu?"

A ranar ya raɗa mata suna 'Yar Tsegumi, ya kuma rantse ba zai taɓa ta ba. Aka ba shi sabuwar waya ya naɗe ta a ledar burodi ya jefa a aljihu. Wata biyu tana nan a kashe. In Manaja Sani ya yi masa magana sai ya busa masa usur a fuska ya ce, "Tawa manhajar ke nan, ba ta cin caji."

Abin da ya karya shi wata wayar lantarki ce. Akwai wata tsirarar waya da ke rataye kusa da tukunyar turara shinkafa, inda ruwa ke malala kullum. Kawu ya yi maganarta har bakinsa ya gaji. Manajoji uku suka zo suka tafi, kowanne ya ce masa za a duba. Sai Terna, don neman wasa kawai, ya ɗauki hotonta ya tura. Wallahi washegari kafin azahar mai gyaran wuta ya zo da tsani.

Na zaci Kawu zai yi murna. Ina! Ya tsaya ƙarƙashin tsanin yana huci.

"Wato ni da na faɗa da bakina, da gemuna, ba a ji ba. Sai da wannan abar ta kai ƙara?"

Terna ya ce, "Baba, na so e be, haka abin yake. Alhaji yana ganin hoto da kansa, ba mai ɓoye shi."

Kawu ya sa hannu a aljihu ya zaro ledar burodin, ya warware ta a hankali, ya miƙo mini. "Shu'aibu, kunna mini munafukar."

Jama'a, da mun san abin da muka tayar! Matsalar farko ita ce gaisuwa. Kawu ba zai iya yi wa Alhaji magana ba gaisuwa ba, ko da ta waya ce. Zai ɗauki hoton man da ya zube a ƙasa, ya danna wurin magana, ya gyara tsayuwa ya fara: "Salamu alaikum. Alhaji barka da asuba. An tashi lafiya? Ya iyali? Ya Hajiya da jiki? Ya Abuja? To madalla. Dama abin da ya sa..." sai lokacin ya ƙare, saƙon ya tafi. Sati guda Alhaji yana samun gaisuwa da hotunan da bai san ma'anarsu ba. Na ce, "Kawu, ka fara da matsalar mana." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haka aka rene ka?" Daga baya ya samo dabararsa, saƙo biyu yake turawa, na farko gaisuwa, na biyu masifa.

Daga nan ba wanda ya tsira. Ya kai ƙarar tsani, ya kai ƙarar akuyar mai gadi da ke shiga rumbun ɓuntu, ya kai ƙarar Manaja Sani da ya shigo wurin inji da silifas, hoton ƙafar ma sai da ya durƙusa ya ɗauka da kyau. Ranar da Alhaji ya zo da kansa cikin babbar riga tana jan ƙasa, ya nufi wurin bel ba hula, Kawu ya sha gabansa, ƙyas, ya ɗauke shi. Wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya ga kansa.

"Ari, ƙarata ka kai? Wurin wa?"

"Wurin mai injin, ranka ya daɗe. Mutumin kirki ne, zai ɗauki mataki."

Alhaji ya cire rigar ya ba direba, ya karɓi hular kwano ya kifa a kan tasa. Mu kuwa muka ɓuya bayan buhuna muna ta cizon hannun riga.

Shi dai Kawu, kun san shi da tsimi. Hular kwanonsa ta girme ni a wurin aiki, kuma da ita yake zuwa ɗaurin aure in ranar aiki ce. To a da, akwatin magani na ofis ba ya wata bai ƙare ba. Yau ƙuna, gobe yanka, jibi an ɗauki wani a tsohuwar a-kori-kura an yi asibiti da shi, inji ya tsaya, Alhaji ya biya magani, iyalin mutum su zauna jugum. Bayan zuwan 'Yar Tsegumi abin ya ja baya sosai, har motar ta koma jigilar ɓuntu. Wata rana na tarar da Kawu gaban akwatin ya yi tagumi.

"Lafiya, Kawu?"

"Ina lafiya? Dubi filasta, dubi bandeji, duk sun lalace ba wanda ya ji ciwo. Wannan ai asara ce!"

Bai bari an zubar ba. Filastar ya lilliƙe hularsa da ita, bandejin ya ɗaure sirdin kekensa.

Shekara ta zagayo, Alhaji ya zo ya ce kuɗin manhajar nan na shekara ya yi yawa, tunda yanzu ba a jin ciwo gara a daina biya. Kawu, mutumin da ke jayayya da mai ƙosai a kan ƙosai ɗaya, na ɗauka zai goyi baya. Sai ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, a daina. Amma ina da 'yar buƙata. In direba zai shiga kasuwa ya taho mini da yatsu biyu, na dama, matsakaita. Na duba kasuwar Lafia babu, na tambaya a Awe gishiri kawai suke da shi. Wataƙila a Abuja a samu da sauƙi." Alhaji ya daɗe yana kallon hannun. Ba a sake tayar da maganar ba.

Yanzu bari in faɗi wanda ban cika son faɗa ba, don ni ne mara gaskiya a ciki. Saura kwana uku Sallah, tirela biyu suna jira a waje, shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta cika fili, an yi mana alkawarin ƙarin kuɗi in muka gama lodi a ranar. Murfin da ke rufe bel ɗin injina ƙusarsa ɗaya ta faɗi. Na ɗaure shi da igiyar buhu, na ɗauki hoton ta gefen da igiyar ba ta fito ba, na tura. Manhajar ta yarda. Kawu bai yarda ba. Ya zo wucewa ya tsaya, ya karkata kai yana sauraron injin, ya leƙa, ya ga igiyar. Ya ciro waya, ko gaisuwa bai yi ba, ya danna ja. Injin ya yi tari ya mutu.

Wurin ya kaure. Direbobi suna zage-zage, masu dako suna ihu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce masa a gaban mutane, "Kawu, ka tsufa ka zauna a gida mana! Kai ba ka da yaran da za ka yi wa ɗinkin Sallah, mu muna da su!" Ya ji, bai ko kalle ni ba.

Manaja Sani ya fito da gudu. Shi yana da lambar da zai iya buɗe injin da ita in ta kama dole.

"Baba Ari, abeg, awa uku kawai. Mu gama lodin nan, gobe da safe in kira kanike da kaina."

"Ka kira shi yanzu."

"Yana Doma! Kafin ya zo la'asar ta yi. Zan buɗe, ni zan ɗauki laifin."

Kawu ya ce to. Ya tako ya ture ni gefe, ya tsaya daidai inda nake tsayawa, ya ɗora guntun hannun nan nasa a bakin da nake sa hannu ina share ɓuntu.

"Buɗe. Ni zan yi aikin. Nawa dama sun ragu, ba za a yi asara da yawa ba. Na yaron nan ajiya ce aka ba ni."

Manaja ya tsaya da waya a hannu. Ya dubi Kawu, ya dubi igiyar, ya ja tsaki ya kira kanike.

Sai bayan la'asar kaniken ya iso a kan babur. Ya kwance igiyata, murfin ya faɗo da kansa. Ya kama bel ɗin ya ɗan ja shi da hannu ɗaya don ya gwada, sai ga shi ya tsinke ya zube a ƙasa. Gefen murfin da ya karkace ne ya yi ta cinsa tun safe, saura 'yan zare. Kaniken ya tambaya, "Wa ke tsayawa a nan?" Aka nuna ni. Ya ce, "Ka je ka yi sadaka."

Na zauna a kan buhu. Ina jira Kawu ya rama abin da na faɗa masa, don da ya rama da na fi samun sauƙi. Sai ya ciro wayar ya goge ta da gefen riga, ya danna wurin magana ya ce, "Salamu alaikum. Alhaji barka da yamma. Ɗazu na yi saƙo ba gaisuwa, a yi haƙuri." Da aka tashi ya busa usur kamar kullum. Da ya zo kaina ya ƙirga sau biyu, ya juya ya duba baya, ya ce, "Goma. Ka gaida Falmata."

Bara ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Da muka je duba shi a asibiti ni da Terna, yana kwance ko magana ba ya iyawa sosai, amma da muka matso sai ya yi mana alama da ido. Muka miƙa hannu. Ya bi su da kallo yana motsa leɓe har ya kai ƙarshe, sannan ya nuna wata wayar fanka da ke lilo a bango ya ce in ɗauki hoto.

Usur ɗin yana wurina yanzu, ni nake tsayawa a get. Sababbin ma'aikata suna dariya, suna cewa ga manhaja me za a yi da ƙirga, ni kuma in ce su miƙo. Har yau ina jin kunyar maganar da na faɗa masa, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Ranar sadakar bakwai, da aka ɗaga hannu za a yi addu'a, na ga innata ba ta kallon malam, hannuna take kallo tana hawaye. Ya Allah, ga su nan goma cif kamar yadda ya yi mata alkawari, da su nake roƙon Ka. Ka gafarta wa Kawu Ari, Ka haskaka kabarinsa, Ka tashe shi da nasa a cike. Amin.