Injin Baba Iliya

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina da ɗan shagon aikin ƙarfe a zauren gidana a Gusau, sai na ji labarin wani tsohon injin sassaƙa ƙarfe a Tsafe, irin na zamanin Turawa, na wani dattijo Baba Iliya, wanda injin ya cinye wa hannun dama tun yana matashi. 'Ya'yansa suka sayar mini a farashin gwangwan, tsohon yana zaune yana cewa a bar masa abinsa, ko kallonsa ban yi ba.

Na kawo injin gida, na kankare tsatsa, na sa bel sabo, na zuba mai, wata biyu injin nan ko tari bai yi ba. Dole na koma Tsafe na lallashi tsohon, na ce idan ya tayar da shi, kullum shi zai zauna gabansa yana koya mini. Kai, ku ga murna! Na zo da shi Gusau, da hannu ɗaya ya shafa injin, ya ɗaure wata ƙusa, injin ya kama ruri. Ya ce, "Ɗana, ba a zuwa gabanai da dogon hannun riga, ko a kashe shike."

Ni kuwa bukata ta biya. Washegari da ya zo tun daga Tsafe da 'yar jakarsa, na ce, "Baba, mai hannu ɗaya me zai koya mini, yin tafi?" Na yi dariya, ko kuɗin mota ban ba shi ba. Har yau ina jin kunyar wannan.

Wata Juma'a da rana na sa babbar riga zan tafi masallaci, na leƙa in ɗauki mabuɗin babur a kan injin. An ɗauke wuta tun safe, bel ɗin ma na cire shi yana rataye a bango, na rantse da Allah. Ina miƙa hannu injin ya juya. Ya naɗe rigar, ya ja ni a hankali, ina ihu ina jin ƙashina yana ƙara, sannan ya tsaya don kansa. Yatsu uku na bari a wurin.

Da na warke na je Tsafe neman gafara. Baba Iliya ya kama hannuna ya juya shi, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ukku kaɗai?" Ya saki, ya shige gida.

Injin yana nan a zaure, na rufe shi da buhu, ban sayar ba don ban san wa zan ba wa ba. Jama'a, in za ku sayi kayan aikin mutum yana raye, ku tambayi bakinsa tukuna.