Curin ƙasar da ke akwatin Kaka

Jiya muna kwashe kayan Kaka, Allah Ya jiƙanta, sai Inna ta zaro wani ƙullin tsumma daga ƙasan akwatinta. Ina ganinsa na gane shi.

Ta kwance, sai ga curin jar ƙasa kamar ƙwan agwagwa.

Na dake na ce, "Inna, wanga fa? Ko asirin da tsohuwa ta mallake mu da shi ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai dai bakinka bai hutawa. Ɓallin bangon ɗakin da aka haife ta ne. Ranar da aka tashe su saboda madatsar ruwan Kainji ta ɓanɓaro shi da hannunta. Ƙauyen yana ƙarƙashin ruwa yanzu. In kewa ta ishe ta, shi take shinshinawa."

Jama'a, wannan curin ba shi ba ne. Shekara uku ke nan da na ɗauke na ainihin na wurga kogi, na mulmula lakar bakin rijiyarmu ta Yelwa na mayar wa Kaka a ƙullinta. So nake ta gane ta biyo ni da tsintsiya, irin wasanmu na jika da kaka. Ba ta taɓa cewa uffan ba, ni kuma na manta. Ko ba ta gane ba, ko ta gane ta haɗiye, Allah kaɗai Ya sani.

Inna ta sake ƙulle shi, wai za ta ajiye wa jikoki.

Har yanzu bakina ya ƙi buɗuwa. Don Allah, in ku ne, za ku faɗa mata?