Shawarar da ta Kama Baba

A gidanmu idan aka ce Baba yana da shawara, kowa ya san ma'anarta. Zai tara mu a zaure, ya shimfiɗa buzu, ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da ya riga ya yanke tun jiya, sannan ya ce, "To, me kuka gani?" Kafin ka buɗe baki ya shafa fatiha. Haka ya sayar da shanun huɗa, haka ya mai da gonar masara ta rake, duk da sunan shawara. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ko zauren ba a kiranta. Ita in tana da magana akuya take gaya wa. Sai ta tsaya a tsakar gida daidai inda Baba zai ji, ta ce, "Ke akuya, ni dai da ni ce, ba zan sayar da rake a wannan farashin ba." Wani lokaci washegari ka ga Baba ya fasa sayarwa, ya ce tunani ya yi cikin dare.

Don haka ranar da Inna ta kira ni a waya, a shekarar korona, ina Ikara inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, ta ce, "Ki zo gida, babanku na da shawara," dariya na yi.

"Inna, an kulle hanya fa. Ya yanke abinsa kamar kullum, a gaya mini daga baya."

"Ke, ba ki da hankali ne? Shawara nake ce miki, ta ciwo! Idonsa ya koma ruwan ɗorawa."

 Wallahi duk da tsoron da na ji, sai da wani shegen tunani ya zo mini: mutumin da bai taɓa ɗaukar shawara ba, ga shi yau shawara ta ɗauke shi.

Ɗan acaba ne ya bi da ni ta hanyoyin gona har garinmu Taba, don kauce wa masu tare titi. Na iske Baba a gindin mangwaro ya rame, wuya ya fito, ido kamar an ɗiga masa kurkur. Na durƙusa na gaishe shi da takunkumi a fuskata.

"Cire wannan abin," in ji shi. "Takunkumi na shanu ne, don kada su ci hatsin mutane. Hatsin wa kika ci?"

A bakin Inna na ji yadda aka yi. Tun dawowarsa daga kasuwar rake ta Makarfi zazzaɓi ya kwantar da shi, ga tari, ga ciwon jiki. Da aka ambaci korona ya ce wannan cutar masu hawa jirgi ce, shi ko filin jirgi bai taɓa gani ba, a ina za su haɗu? Sai ya kama farasitamol yana watsawa a baki kamar gyaɗa. Da ido ya sauya launi kuwa, gari ya tashi da taimako. Kowane maƙwabci da gorarsa: wannan jiƙon saiwa, wancan sassaƙe, wani ma ban san ko mene ne ba, kore shar yana kumfa. Baba da ba ya karɓar magana, magani kam ba ya mai da hannun kowa, duk ya shanye. Sannan ya bi da rake, tunda kowa ya san rake maganin shawara ne, shi kuma ga shi da gona guda.

Na ce a tafi asibiti. Ya ce ko gawarsa. Ba taurin kai ne kaɗai ba, mu duka haka muka tashi muka ji: mai shawara ba a yi masa allura, ana soka masa shi ke nan sai makara. Kowa yana da labarin wani da aka yi wa. Na yi roƙo, na yi kuka, na yi turancin da ban ma iya ba. Ko a jikinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in kife gorunan nan a gabansa.

Rake ne ya kai shi asibiti, ba ni ba. Da la'asar aka feraye masa gaɓa ɗaya, ya tauna, ya tofar.

"Raken bana lami ne. Na faɗa, takin nan na banza ne."

Inna ta ɗauki ragowar ta tauna, ta juya wajen akuya. "Ke akuya, zaƙi kamar zuma. Ni dai da harshena ne ya mutu haka, da na tsorata."

Baba ya sa aka kawo masa mazarƙwaila, ya gatsa. Ya kai ta hanci ya shinshina. Ya daɗe yana kallon ta a hannunsa. Mutumin da yake gane raken gonarsa da na gonar wani ido a rufe, yau ya kasa bambance mazarƙwaila da hoge.

"A nemo mota," ya ce. "Na yi tunani."

A asibiti a Makarfi aka ware mana ɗaki a gefe, aka ɗaura wa kowa takunkumi har da shi. Aka zura masa tsinke mai auduga a hanci, ya yi atishawa ya tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi. Amma da ma'aikaciyar jinya ta fito da allura za ta ɗebi jini, sai ya naɗe hannuwa cikin babbar riga. Babu akuya a asibiti, don haka Inna ta fuskanci bango.

"Ikon Allah, ashe su ma suna ƙaho. Wannan ai ba zubawa take ba, tsotsewa take, irin ta wanzami."

Baba ya zaro hannu. Ya ce dama shi ma haka ya gani.

Da sakamako ya dawo, likita ya yi mana bayani, wani saurayi mai haƙurin gaske. Korona ce. Ya ce mutane sun ɗauka huhu kaɗai take nema, alhali takan taɓa hanta ma, ta kumbura ta. Ga yawancin mutane abin kan wuce ba su ma sani ba. Amma Baba ashe yana da tsohon ciwon hanta da ya daɗe a kwance shiru, korona ta zo ta tashe shi, farasitamol da jiƙe-jiƙe suka taru suka hau kai, tunda duk abin da aka haɗiya hanta ce ke wahalar tace shi. Ya ce a daina komai, har gorar da Inna ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Kuma tunda Baba ya daina cin abinci, jikinsa ya bushe, dole a yi masa ƙarin ruwa yanzu.

Wannan allurar kam zubawa take. Babu bangon da zai iya ƙaryata haka.

 Na ga Inna ta buɗe baki wajen bango ta rufe. Baba ya dubi jakar ruwan, ya dubi allurar, sannan ya juya da wannan rawayen idon ya dubi Inna, ita kanta.

"Ke," ya ce a hankali, "me kika gani?"

Kuma ya jira. Bai shafa fatiha ba.

"Malam, miƙa hannu," in ji Inna.

Ya miƙa. Ana gama ɗaura ruwan ta fita, na bi ta, na iske ta a bayan ɗaki tana kuka wiwi, irin kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Na ce ai likita ya ce akwai sa rai.

"Ba ki gane ba," ta ce. "Tunda aka kai ni gidansa bai taɓa tambayata ba. Mutumin nan ya ga mutuwa."

Bai mutu ba. Ido ya washe a hankali, ɗanɗano ya dawo, muka koma Taba da sharaɗin zuwa awon hanta lokaci-lokaci. Ya gaya wa duk mai zuwa dubiya cewa rake ne ya warkar da shi. Amma Inna ba ta saki jiki ba, don ya yi sanyi, komai aka ce sai ya ce to. Bayan na koma Ikara, kullum a waya sai ta ce mini, "Har yanzu da saura."

Rannan da hantsi ta kira ni, muryarta har rawa take.

"Na ce masa kada ya fita gona cikin ranar nan. Ya ce wa ya tambaye ni, ya saɓa fartanya ya fice." Ta ja numfashi. "Alhamdu lillahi, babanku ya warke. Bari in je in gaya wa akuya."