Jigon da Na Kafa wa Baba

Har in koma ga Ubangijina ba zan manta da shekarar da na kafa wa mahaifina jigo a ɗaki ba. Mutanen Wagini sun yaba mini a kansa, wasu har yau da shi suke tuna ni. Amma ni na san abin da ke zuciyata ranar da na saro itacensa.

A wancan zamanin da ake rufe ƙofar gari da wuri saboda mahara, mu biyu ne maza a gandun Baba, ni da ƙanena. Da ya yi aure sai ya nemi a sallame shi, ya koma Karare ya fara sassabe a dajin can. Baba ya sa masa albarka. Ni kuwa na riƙe abin a raina, don gani nake ya gudu ya bar mini noma da tsofaffi. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Bayan kaka ɓarin jikin Baba ya shanye. Ba ya iya tashi, maganarsa ma sai an kasa kunne. Shi kuwa mutum ne mai son zaman zaure, don haka aka sassaƙa masa kujera mai majingina, aka ɗaure ta a kan kirgi, wato fatar saniya, ana jan ta a hankali har zaure. Jan ba wuya, mutum ɗaya ya isa. Wuyar ita ce ɗaga shi daga gado zuwa kujerar, domin Baba ƙato ne. Da ƙanena ya ji labari, sai ya riƙa tahowa a ƙafa kullum da sassafe. Mukan riƙe wuyan hannun juna a ƙarƙashin cinyoyin Baba da bayansa, mu ɗaga tare. Da la'asar mu mayar da shi, ƙanena ya kama hanya.

Baba bai taɓa yarda da ɗagawar farko ba. Da mun ajiye shi sai ya ce ya karkace, a sake. Wani lokaci yana hannunmu zai tambayi ƙanena yadda dawarsa ta yi, ya ce in ba shi shawara kan ƙasar jigawa. Dole in yi magana, fuskata dab da tasa, gumi na zubo mana. Na ɗauka rikicin tsufa ne, na kuma ɗora laifin a kan ƙanena, na ce bai iya riƙo ba.

Ina da lambu a fadama, kuma da jigo nake ban ruwa. Wata rana ina jan guga sai na ga yadda nauyin dutsen da ke gindin sandar ke ɗago ruwa ba tare da na wahala ba. Nan take dabara ta zo mini. Da zan faɗi cewa tausayin Baba ne ya fara zo mini a rai, da na yi ƙarya. Abin da na fara tunani shi ne na huta da ganin ƙanena.

Ɗakin Baba mai faɗi ne, rufinsa da tsawo. Na kafa gwafa mai ƙarfi a tsakiya, na ɗora sanda a kai, na ɗaura dutse a gefe guda. Baduku ya ɗinka mini shimfiɗar fata mai madauri a kusurwoyi, wadda za a zura ƙarƙashin mara lafiya. Na gwada da taikin gero har na gamsu. Ranar da na ɗaga Baba, da hannu ɗaya na juya sandar, ya taso kamar jariri a zane, ya sauka a kujera ba ko jijjiga. Inna na tsaye a bakin ƙofa, ta ce in bari dai yaron ya iso. Na yi kamar ban ji ba.

Ƙanena ya iso ƙafafunsa duk raɓa, ya tarar da Baba a zaure. Na kai shi ɗaki na nuna masa, na ce, "Daga yau ka huta. Je ka ji da sassabenka, kada ya lalace saboda mu."

Ya daɗe yana duba jigon. Ya ja igiyar, ya taɓa fatar. Sannan ya ce, "Ya yi kyau, Yaya. Ka dai riƙa shafa wa fatar mai, kada ta goge masa baya."

Ya ɗan zauna wajen Baba, ya tafi kafin azahar. Da la'asar ina mayar da Baba gado ni kaɗai, yana lilo a cikin fatar, ya dube ni ya ce, "Babba, abin naka ba ciwo. Amma ni ban ce muku ina jin ciwo ba." Na yi dariya, na ce ai yanzu ba sauran karkacewa. Bai ƙara cewa a sake ba.

Ƙanena ya koma zuwa ranar Juma'a, daga baya sai jefi-jefi, don in ya zo ba abin da zai kama, ni kuma ba na sakar masa fuska. Da kaka ta zagayo ya shiga ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Na san ranar da zai zo sallama, na tafi fadama na ƙi dawowa sai da na tabbata ya wuce. Baba ya rasu kafin ruwa ya sauka. Ayarin ya dawo ba ƙanena. Wasu sun ce ya zauna a ƙasar Nufe, wasu sun ce ciwo ya kama shi a hanya. Na bi fatake da tambaya shekara da shekaru, ban sami magana ɗaya tsayayya ba.

Bayan Inna ta fita takaba ne ta gaya mini cewa Baba da gangan yake sa mu sake ɗagawa. Ya ce mata tunda Allah ya kwantar da shi, zai yi amfani da kwanciyar ya ga mun shirya kafin ya tafi, kuma yana ganin saura kaɗan.

Jigon bai yi laifi ba. An are shi gidaje da yawa, har Safana an kai shi, ya hutar da bayan mata masu jinyar mazajensu. Laifin na niyyata ne, kuma ina roƙon Allah gafara a kanta. Abin da na koya shi ne, mara lafiya ba ɗagawa kaɗai yake bukata ba, yana bukatar mutanensa a kusa da shi. Shi ya sa duk wanda ya zo aro nakan ce masa, ko da zai iya da hannu ɗaya, ya aika a kira ɗan'uwansa ya riƙe masa igiya.